Keken Burji da Sunan Ɗan Fari

Abdulkahar mataimakin darakta ne a wata ma'aikata a Dutse, kuma sati biyu kacal ya yi a ƙasar waje wajen wani taron ƙara wa juna sani. Amma tun da ya dawo, duk maganar da aka ɗauko a majalisar ƙofar gidansa da ke Limawa, ko ta tsadar taki ce ko ta ciwon baya, sai ya kai ta can. A can, in ji shi, manyan mutane sun daina hawa mota. Keke suke hawa, su bar kwalta, su bi hanyoyin karkara inda ba mota ba babur, sai tsuntsaye da iska mai kyau.

"Ai mu ma haka muke yi," in ji Malam Jaji mai goro. "Ban dai san mun zama manya ba."

Malam Jaji ya fi shekara talatin yana ɗaure goro a kariyar baƙin kekensa yana bin kasuwannin ƙauye tsakanin Dutse da Jahun. Sunansa na yanka Ɗayyabu ne, amma an daɗe da mantawa da shi. 'Ya'yansa shida duk mata ne, kuma ba a taɓa yi masa takwara ba.

"Baba Jaji, akwai bambanci," in ji Abdulkahar. "Kai kana hawa ne don ba ka da mota. Ni ina hawa ne don ina da ita."

A Kano ya sayo keken, wajen masu gwanjo, ya raɗa masa suna keken burji. Kansa a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago, ba kariya, ba ƙararrawa, sirdinsa bai kai faɗin tafin hannu ba. Ya zo da takalmi nasa na musamman mai ƙarfe a tafi. In an taka feda sai ya ce ƙas, ya kama, ƙafa da feda su zama abu ɗaya. Mai gwanjon ya fara nuna masa yadda ake cirewa, Abdulkahar ya katse shi, ya ce shi da idonsa ya ga abin a ƙasar da ake ƙera shi.

Saboda haka sai ya ƙirƙiro tasa hanyar. Kullum da yamma yakan dafa darbejiyar ƙofar gidansa ya hau, ya zagaya unguwa, ya dawo ya rungume darbejiyar, ya kwance maɗaurin takalmin da hannu ɗaya, ya zare ƙafafunsa, ya shiga gida da safa. Takalman kuwa a kan feda suke kwana. Ya hana kowa taɓa keken, ko da kan yatsa.

"Yallaɓai, can ma kowa da bishiyarsa?" Fa'izu mai shayi ya tambaye shi wata rana.

"Can an tsara gari," in ji Abdulkahar.

Ana haka sai matarsa Zulfa ta haihu, ɗan fari, namiji, a gidan iyayenta a Aujara inda ta je goyon ciki. Mahaifinta Malam Abdulbaƙi malamin makarantar allo ne, mutum mai ƙarancin magana. Da Abdulkahar ya je barka a mota, Malam ya tambaye shi sunan da za a yi wa yaro huɗuba da shi. Abdulkahar ya ce sunan yana nan, amma sai ranar suna za a ƙaddamar da shi. Yana da shiri: a rana ɗaya zai ƙaddamar da sabuwar hanyar keke daga Limawa zuwa Aujara, ya kuma ƙaddamar da sunan. Sunan kuwa, wanda bai gaya wa ko Zulfa ba, nasa ne. Ya yi ta dubawa cikin dangi bai ga wanda ya fi shi cancantar takwara ba.

Ana gobe suna, bayan la'asar, Malam ya kira shi. Abdulkahar ya buɗe muryar wayar don majalisa ta ji.

"Malam Abdu, gobe ƙarfe tara za a shafa fatiha. Mahauta za su zo da wuri, mutanen Miga kuma gona za su koma. Faɗa mini sunan in riƙe."

"Baba, da bakina zan kawo shi. A keke."



"Motar lafiya?" in ji Malam.

"Lafiyarta ƙalau. Baba, in tara ta buga ban durƙusa a gabanka na faɗi sunan ba, ka sa duk wanda ka ga dama. Ga jama'a nan sun shaida."

"To. Allah ya kai mu."

Ba a jima ba Zulfa ta kira. "Don girman Allah ka zo a mota," in ji ta.

"Ke dai ki shirya ganin tarihi."

Ya buɗe taswirar da ke wayarsa ya nuna wa majalisa jan layin da ya zana. Ya yi kwana uku yana duba hotunan sama, yana zaɓen inda ba alamar mota ko ɗaya. Malam Jaji, wanda shi aka ba wa aikin kai goron sunan, ya kawo fuskarsa kusa da wayar.

"Nan ta gaban dattawa ka bi. Nan ma haka. Wannan kuma burtali ne, Yallaɓai, hanyar shanu."

"Na'ura ba ta nuna shanu ba."

"Ƙila ranar sun tafi kiwo. In ce dai tare za mu tafi?"

"Awa biyu zan yi, Baba Jaji. Zan isa, in yi wanka, in sa babbar rigata da na aika a mota, kai ba ka gama gaisuwar garin farko ba."

Da gari ya waye ya fito cikin riga ruwan ɗorawa, da hular kwano mai huji-huji, da baƙin wando iya gwiwa wanda ya kama shi kamar fata. Masu dawowa daga masallaci suka riƙa kallon wani gefen.

"Yallaɓai," in ji Fa'izu yana hura wuta, "wandon saman ne aka sace, ko mantawa ka yi?"

 Abdulkahar ya dafa darbejiya, ya zura ƙafafu cikin takalman da ke kan feda, ya ɗaure, ya tafi.

Rabin awar farko ta ba shi gaskiya. Duwatsun garin suka koma baya, rana ta fara taɓa kan bishiyoyin dabino. Hanyar ja ce, tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin taya. Gero ya nuna dama da hagu, an yanke riɗi an tsayar da shi yana shan iska, raɓa ba ta bushe ba. Ya danna wayar da ya ɗaure a kan keken ya fara ɗaukar kansa.

"Kun gani ko. Ba mota, ba babur, ba kowa."

Yana rufe baki hanyar ta karya kwana ta shiga wani ƙauye, ta bi ta gaban wata tsamiya. Dattawa shida ne zaune a gindinta, sun kewaye ta.

A karkarar nan ba a wuce dattawa a kan keke. Tun daga nesa ake sauka, a turo, a gaisa, sai an ba su baya a sake hawa. Abdulkahar ya san da haka, amma ya ga ɗaga hannu ma ya wadatar. Ya ɗaga.

"Kai mai wando," in ji wani tsoho mai farin gemu. "Ba surukin Malam Abdulbaƙi ba ne?"

Da sunan Malam ya shiga kunnensa sai hannunsa ya matse birki da kansa. Ya dubi tsamiyar, ba ta inda zai kai ga jikinta sai ya taka mutum. Keken ya tsaya cak. Ya ɗan yi jim a tsaye, kamar yana shawara da kansa, sannan ya kwanta a hankali ta gefen dama, da shi da mai shi, a gaban tabarmar dattawa.

"Subhanallahi," in ji tsohon. "Yaro, ai durƙuso ma ya isa."

Suka taso suka ɗaga shi haɗe da keken, suka tsayar. Huɗu suka riƙe, biyu suka tsaya a gabansa.

"To sauko mana."

"Baba, wannan keken ba a sauka."

"In salla ta kama ka fa?"

"An yi lissafin wannan."

Tun da ba ya sauka, sai aka yi gaisuwar a haka. Suka tambaye shi kwana da gajiya, da mai jego da jariri, da damina, da mutanen Dutse, da ma'aikata. Kowane ɗaya ya yi tasa daga farko, har da masu riƙon, waɗanda suka riƙa musanya wuri don kowa ya samu ya ga fuskarsa. Ana tsakiyar na biyar sai ga Malam Jaji yana turo baƙin kekensa. Ya jingine shi, ya cire takalmi, ya tsuguna, ya gaisa, ya ajiye goro biyu a bakin tabarma.

"Yallaɓai, in jira ka?"

"Nazarin hanya nake yi. Wuce abinka."

Malam Jaji ya tura kekensa har ya ba su baya, ya hau, ya tafi a hankali.

Da aka gama, dattawan suka haɗu suka ingiza Abdulkahar kamar motar da batirinta ya mutu. Bai yi nisa ba mai farin gemun ya lalubo waya a aljihu, ya kira ƙaninsa da ke gari na gaba don a taimaka wa bawan Allah.

Kafin labarin ya isa can ya ƙara girma. Aka ce surukin Malam na tafe, ƙafafunsa sun manne da ƙarfe, kuma ana zaton aikin 'yan ofis ne masu neman kujerarsa. Don haka da Abdulkahar ya hango gari na biyu, hanyar da ya ce ba kowa ta cika maƙil. Ga maƙeri da guduma da zarto. Ga wani malami da ƙoƙon ruwan tofi. Ga wata dattijuwa da kwalbar man gyaɗa. Sauran jama'a sun hau kan amalanke don su gani da kyau.

"Tsaya, bawan Allah, minti biyar ne," in ji maƙerin yana ɗaga zarto. "Ta ƙarfen zan bi, ba ta ƙafar ba."

"Lafiyata ƙalau. Ku ba ni hanya."

"Haka suke cewa in abin ya kama su," in ji malamin, ya watsa masa ruwan a fuska yana wucewa.

Dattijuwar ta ga ba zai tsaya ba, kuma ba ta so ta koma da manta, sai ta tuttula shi gaba ɗaya wajen ƙafafunsa. Kaɗan ya samu takalmi, sauran ya bi taya da birki. Jama'a suka biyo shi a guje suna ba shi haƙuri. Ya hango inda jan layinsa ya ratse hagu, ya faɗa ciki.

Burtali ne, siririyar hanyar da manoma ke bar wa shanu tsakanin gonaki, an yi mata shingen ƙaya dama da hagu. Masu binsa suka tsaya a bakinta suka dubi juna, ba wanda ya shiga. Hayaniya ta mutu. Sai kukan kurciya da ƙarar tayarsa. Abdulkahar ya share fuska, ya sake danna waya.

"Wannan ita ce ainihin hanyar da nake gaya muku. Ni na gano ta."

A nan ya ji ƙasa na motsi. Farare ne, masu dogayen ƙahoni, sun cika burtalin daga ƙaya zuwa ƙaya, suna tahowa ba gaggawa. Ba bishiya, ba bango. Ya matse birki, birkin ya yi wani sulɓi, sannan ya yarda ya kama a daidai hancin garken. Shanun suka rabu biyu suka sa shi a tsakiya. Da ya ji keken ya fara shawarar kwanciya, sai ya miƙa hannu ya rungumi abin da ya fi kusa, wato tozon wani bijimi.

Bijimin bai damu ba. Ya ci gaba da tafiyarsa, ya ja Abdulkahar da baya-baya, feda na juyawa, ƙafafunsa na bin ta. Wayar ta suɓuce daga maɗaurinta, kofato ya bi ta kanta, wani ma ya bi.

Makiyayin, wani Bafulatani mai furfura a gemu, ya iso kusa da shi da sanda a kafaɗa, ya jera da shi.

"Sannu, bawan Allah. Ina zuwa?"

"Aujara."

"To wannan bijimin ba can ya nufa ba."

"Ka tsayar da shi mana."

"Ba ya tsayawa sai ya ga ruwa. Kai ma na ji an ce ba ka tsayawa."

Sun yi tafiya mai ɗan dama kafin burtalin ya buɗe a bakin wani tafki. Bijimin ya sunkuyar da kai zai sha, tozon ya zame, Abdulkahar ya kwanta cikin laka, wannan karon ta gefen hagu. Ya kwance takalman ya miƙe da safa, ƙarangiya ta yi masa maraba. Ya dubi agogon hannunsa. Takwas da minti biyar.

Makiyayin ya riƙe masa keken ya sake hawa, sannan ya nuna masa wata 'yar hanya da bakin sanda.

"Ka ga wannan sawun tayar? Na mai goro ne, ɗazu ya wuce, har ya ba ni ɗaya. Bi shi, ba za ka ɓata ba."

Abdulkahar ya dubi sawun. Ya so ya yi bayani a kan taswira, amma taswirar na cikin burtali a farfashe. Ya bi sawun.

A nan dai ya yi tuƙi na gaskiya. Ya tuna fuskar yaron cikin zanen goyo, ya sunkuya ya taka. Ya hau jigawa, yashi na cin taya, bai tsaya ba, don ya san abin da tsayawa ke nufi. Sawun ya bi ta garuruwa uku, kowanne da inuwarsa da dattawanta. Tun daga nesa yake fara gaisuwar da ƙarfi, ya haɗa sallama da kwana da gajiya da ban haƙuri a numfashi ɗaya, ya wuce kafin a amsa. A kowane gari, yana ba su baya wani zai lalubo waya.

Tara saura minti takwas ya shigo Aujara.

Ƙofar gidan Malam Abdulbaƙi akwai babban durumi, kuma a kansa Abdulkahar ya dogara tun daga Limawa. Sai ya tarar an shimfiɗa tabarmi an kewaye shi, malamai sun zauna sahu-sahu, Malam na tsakiya ya jingina da gindin. Jikin bangon zaure kuma babura ne da takalman jama'a. Ga ragon suna a ɗaure. Ga abokan aikinsa da suka zo a mota, cikin shadda, kowa ya ɗaga waya. Ga Malam Jaji a gefe ya miƙe ƙafa yana shan kunu, goronsa tuni an zuba a faranti.

Abdulkahar ya rage gudu, ya duba ko'ina, bai ga abin dafawa ba. Sai ya zagaya taron.

"Salamu alaikum."

Aka amsa. Ya sake zagayowa.

"Baba, na iso. Saura minti bakwai, jama'a su shaida."

"Mun gani," in ji Malam, bai ɗago ba. "Sauko."

Ya zagayo na uku. "Baba, sunan yaron shi ne..."

Malam ya ɗaga hannu. "Tun safe ake kirana a waya. Gari uku, kowanne ya ce surukina ya wuce dattawa a kan sirdi. Ba zan karɓi sunan jikana daga can sama ba. Durƙusawa ka ce za ka yi. Kai ka faɗa, ba ni ba."

Abdulkahar bai ji ƙarshen maganar ba sai a zagaye na huɗu, wani ya maimaita masa. Ya gwada miƙa hannu ya kwance maɗaurin takalmin yana tafiya, tumbinsa ya tokare shi, keken ya yi tangaɗi, malaman bakin tabarma suka janye ƙafafu.

Malam Jaji ya ajiye kofin kunu ya taso, ya share wani wuri da gefen ƙafarsa.

"Yallaɓai, taho nan in tare ka. In kuma faɗuwar ce, ga yashi mai laushi, na cire duwatsun."

"Wa ya ce faɗuwa zan yi? Zagayawa ake yi jini ya sauka. Ƙa'ida ce."

"Zagaye nawa jinin yake bukata?" wani malami daga Miga ya tambaya. "Don mu gero muka baro a ƙasa."

"Saura minti huɗu," in ji Malam.

Abin da ake nema a wurinsa bai fi abin da ya riga ya yi sau biyu a safiyar nan ba. Ya kwanta, a ɗaga shi, ya durƙusa, ya faɗi suna. Ya nufo yashin da Malam Jaji ya share, har ya fara matse birki, sai idonsa ya faɗa kan wayoyin abokan aikinsa. Ya hango kansa ranar Litinin a kowane ofis. Ya saki birkin ya wuce.

A lokacin ne ya tuna akwai wata bishiyar maina a bayan gidan. Minti ɗaya ya isa: ya rungume ta, ya zare ƙafa, ya dawo a tsaye kamar kowa. Ya karya kan keken ya shiga lungu.

Abin da bai sani ba shi ne, mata sun mayar da bayan gidan wurin girki, an kewaye shi da dangar kara, mainar ma tana ciki. Ya matse birki. Man gyaɗan dattijuwar nan, wanda rana ta gama narkarwa, ya yi aikinsa. Keken ya ratsa dangar, ya wuce tsakanin murhu biyu, ya daki turmi. Abdulkahar ya sauka da kafaɗa cikin babbar robar ƙullun waina.

Mata suka watse. Waɗanda suka waiwayo suka ga wandon, suka sake juyawa suna jan mayafi. Surukarsa Hajiya Hassana ta ciro zane daga kan igiya ta jefa masa daga nesa, fuskarta na kallon bango.

"Wannan ne angon ƙarnin?" wata goggon Zulfa ta tambaya.

"Shi ne, Goggo," in ji Zulfa ta tagar ɗaki, da wata 'yar ƙaramar murya. Sannan ta saki labule.

"To, Allah ya sa yaron ya biyo gidanmu."

Yana kwance, ƙafafunsa na sama tare da keken, yana laluben maɗauri da yatsu masu ƙullu, ya ji taron ƙofar gida ya yi tsit. Ya ji an ce fatiha. Sannan muryar sanƙira ta tashi har bayan gida.

"Sunan yaro Ɗayyabu. Allah ya raya Ɗayyabu."

"Wane ne Ɗayyabu?" Abdulkahar ya tambaya daga ƙasa.

Matan suka tambayi juna. Ba wadda ta sani.

Ya fito ta lungun da safa, ɗaure da zanen Hajiya Hassana, gefe ɗaya laka, gefe ɗaya ƙullu. Jama'a suka buɗe masa hanya fiye da yadda yake bukata. Ya je gaban Malam ya durƙusa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Malam Abdu. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Baba, sunan da na zo da shi Abdulkahar ne."

"Riƙe abinka, za ka bukace shi," in ji Malam. "Ni na sa sunan wanda ya fara yi mini sallama daga Dutse yau, da ƙafafunsa biyu a ƙasa."

Ya nuna gefe da carbinsa. Malam Jaji na zaune, ya sunkuyar da kai, yana goge ido da hannun riga. Mutane na miƙa masa hannu suna yi masa barka da takwara, yana amsawa da kai.

Can aka turo keken daga bayan gida, takalman na lilo a kan feda. Aka rasa inda za a jingine shi, sai aka kwantar da shi kusa da Malam Jaji. Wannan ne karo na farko da ya samu taɓa shi. Ya duba ƙarƙashin takalmin, ya duba fedar, ya kama dunduniyar ya ɗan murɗa ta waje. Ƙas. Takalmin ya fita a hannunsa. Ya murɗa ɗayan. Ƙas. Ya haɗa su, ya kakkaɓe, ya je ya jera su a bakin tabarma cikin takalman jama'a.

Kowa ya dubi takalman, sannan ya dubi Abdulkahar.

"Haka ake yi a can ma," in ji Abdulkahar yana gyara zane. "So na yi in ga ko akwai mai ganewa."

"To an gane," in ji Malam Jaji. "In an ci abinci ka jira ni, Yallaɓai, zan shiga in ga takwarana, sai mu koma tare. Akwai gari uku da ka baro gaisuwa a cikinsu. Da ƙafa za mu shiga."